FILIN MANOMA: Noman Inabi a Ƙasar Girka

Jama'a, a wannan mako za mu bar gonakinmu na gida, mu ƙetare Bahar Rum, mu leƙa wata ƙasa da a ke kira Girka, wadda a cikin littattafan malamai a kan same ta da sunan Yunan. Abin da zai kai mu shi ne inabi. Kaɗan ne cikin ƙasashen duniya su ka riga Girkawa noman wannan itace, kuma labarinsa a can labari ne na manomi da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati gaba ɗaya. Galibin inabin nan giya a ke yi da shi, mun kuwa san yawancin masu karatunmu Musulmi ne, giya ba ta cikin sha'aninsu. To, mu noman ne ya dame mu, da cinikin, da yadda zabibi ya taɓa ɗaukaka ƙasa guda sa'an nan ya kayar da ita.

Da fari sai ku san yadda ƙasar ta ke. Kashi huɗu cikin biyar na Girka duwatsu ne da tuddai, ga tsibirai barkatai cikin teku. Fili mai faɗi irin wanda mu ka saba gani kaɗan ne. Shekararsu kuma a juye ta ke da tamu. Ruwan sama lokacin sanyi ya ke zuwa musu, daga wajen Oktoba zuwa Maris, sa'an nan daga Yuni zuwa Agusta sai rana tsantsa, da ƙyar a ga ɗigo. Wannan kuwa shi ne abin da kurangar inabi ta ke so. Da sanyi ta kan zubad da ganye ta yi barci, saiwarta tana shan ruwa a ƙasa. Wajen Maris ko Afril ta tofo, ta yi fure, 'ya'yan su nuna cikin zafin rana ba tare da laimar da za ta ruɓar da su ba, a yanke daga Agusta zuwa Oktoba. Inda alkama ba za ta yi ba saboda tsakuwa da gangare, nan inabi da zaitun su ke jin daɗi. Gonakin inabi na ƙasar duka sun haura eka 200,000, amma ƙanana ne ainun, na mutum guda galibi bai kai eka biyu ba.

TUN ZAMANIN DA

A arewacin ƙasar akwai wani tsohon kufai mai suna Dikili Tash. Masu tonon kayan tarihi sun sami ƙonannun ƙwayoyin inabi da ɓawonsa da aka matse a cikin wani gida da gobara ta cinye wajen shekara 4,300 kafin haihuwar Annabi Isa. A tsibirin Kirit kuma, a wani wuri Batifetro, har yanzu ga wurin matsar inabi nan a ɗakinsa, ya shekara wajen 3,500. Ke nan ba jiya aka fara ba.

Abin da zai ba 'yan kasuwa sha'awa shi ne yadda mutanen da su ka tsara cinikin. A manyan tuluna masu hannu biyu da tsinin gindi su ke zuba ruwan inabi, su jera su cikin jirgin ruwa. Mutanen tsibirin Tasos su kan buga hatimi a hannun tulun tun yumɓun yana ɗanye, da sunan hakimin da ke riƙe da gari a shekarar, da na mai ginin tulun. An tsinci hannuwan tulunan nan dubbai a gaɓar Baƙin Teku da sauran wurare masu nisa. Har wa yau, wajen shekara 400 da 'yan kai kafin haihuwar Annabi Isa, su ka sassaƙa doka a jikin dutse, wadda ta hana kowa sayen amfanin inabi yana bisa kuranga kafin wata rana da aka yanka a shekara, wanda ya karya kuwa a ci shi tara. Ku duba fa. Wannan ai falle ne aka yi wa iyaka, watau kada mai kuɗi ya tarad da manomi cikin matsuwa ya saye amfaninsa da arha tun ba a ga abin da gona za ta bayar ba. Ashe ciwon tsoho ne, ba a kanmu aka fara shi ba.

Tulun ƙasa yana tsatsafo, iska kuma tana shiga ta ɓata abin da ke ciki. Saboda haka su kan shafe cikinsa su liƙe bakinsa da ƙaron wani itace mai ganye kamar allura. Ƙanshin ƙaron ya riƙa kama abin shan, mutane su ka saba da shi, har bayan da aka daina aiki da tulu su ka ci gaba da jefa ƙaron da gangan. Wannan shi ne asalin abin da su ke kira retsina, wanda har gobe a ke yi a kewayen Atina, babban birninsu.

Zamanin da Turkawa su ka mulki ƙasar, daga ƙarni na 15 har Girkawa su ka ta da yaƙin neman 'yanci a 1821, noman bai mutu ba. An ɗora masa haraji, amma ƙauyawa da masu ibada na gidajen zuhudu na Kirista su ka riƙe gonakinsu da irinsu.

KOWANE IRI DA ƘASARSA

Irin inabin da ya ke na Girka na asali ya haura 200. Kada wannan ya ba ku mamaki. Dutse ya raba wannan kwari da wancan, teku ta raba wannan tsibiri da wancan, kowane gari ya yi ta zaɓen abin da ya karɓi ƙasarsa shekara da shekaru. Tun fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa wani masaninsu, Theophrastus, ya rubuta littattafai a kan tsire-tsire, a ciki har ya yi bayanin dacewar irin inabi da irin ƙasar da za a dasa shi.

Ba za mu iya bin su duka ba. A kewayen Atina, inda zafi da fari su ka fi tsanani, Sabatiyano ne sarki, fari ne, mai jimirin ƙishirwa, yana cikin waɗanda aka fi nomawa a ƙasar duka. A Nemiya, cikin yankin kudu da a ke kira Felofonis, akwai baƙi mai suna Ayorgitiko. Ana dasa shi tun daga kwari mai tsayin ƙafa 800 bisa teku har kan tudu mai ƙafa 2,500, na kwari ya riga nuna ya fi zaƙi, na tudu ya yi jinkiri ya fi tsami, iri ɗaya amma kaya biyu. Kusa da nan, a tudun Mantiniya mai sanyi, Moskofilero ba ya isa yanka sai Oktoba. A arewa, gindin dutsen Bermiyo inda ƙanƙara ke sauka, garin Nawusa ya shahara da Kisinomabro, ma'anar sunan kuwa baƙi mai tsami. Wannan iri ne mai wuyar sha'ani, in ƙasa ta cika ƙarfi sai ya yi ta ganye da 'ya'ya marasa kirki, dole a rage masa kaya.

A tsibirin Samos farin Maskat mai ƙanshi su ke nomawa, bisa matakalai da aka tare da ginin dutse a jikin tsauni, wani matakin bai fi ɗaukar layi biyu ba. Manoman nan sun daɗe a hannun 'yan kasuwa masu yanka musu farashi yadda su ka ga dama. A 1934 aka kafa musu tarayyar ƙungiyoyin gama kai, aka wajabta wa kowane manomi ya kai inabinsa can, ita ce mai matsa, ita ce mai sayarwa. Wajabcin an ɗage shi daga baya, amma ƙungiyar tana nan.

KWANDON SANTORINI

Wurin da ya kamata mu daɗe a kai shi ne Santorini, wani ɗan tsibiri mil 70 arewa da Kirit. In da za a tambayi malamin gona ya zaɓi wurin da bai kamata a yi noma ba, da nan zai nuna. Wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa dutsen tsibirin ya yi aman wuta, ya binne kome da kome da toka da wani dutse mai sauƙi mai ƙofofi kamar soso. Babu kogi, itatuwa kaɗan ne, ƙasar ba ta da laka, ba ta da taki. Ruwan shekara bai cika kai inci 16 ba, kamar rabin na Kano ke nan, kuma da sanyi ya ke sauka. Lokacin da 'ya'yan su ke girma kuwa sai wata iska mai ƙarfi ta taso daga arewa ta yi kwanaki tana bugawa, tana kwasar rairayi tana fyaɗa wa tsiro.

To, ga dabarar da su ka yi. Ba su kafa wa kuranga sanda ko rumfa yadda a ke yi a sauran wurare. Da sanyi, lokacin aski, manomi ya kan zaɓi rassa uku ko huɗu ko biyar mafiya lafiya, ya datse sauran, sa'an nan ya murɗa waɗanda ya bari ya saƙa su kewaye, kamar mai naɗa gammo. Baɗi ya saƙa sababbi bisa na bara. Da haka kuranga ta kan zama kwando zaune a ƙasa, tsayinsa bai kai gwiwa ba. Suna kiransa kulura. Mai saƙar ya kan juya idanun reshe su dubi ciki, don nonon inabin, watau curin 'ya'yan, ya rataya a cikin kwandon. Ganye ya rufe bisa ya tare rana, bangon kwando ya tare iska da rairayi.

Ruwa fa? Ai da dare hazo ya kan taso daga teku ya lulluɓe tsibirin. Dutsen nan mai ƙofofi ya tsotse raɓar, kwandon kuma ya riƙe laima a cikinsa, da safe tsiro ya samu ɗan abin da zai jiƙa maƙoshi. Saiwar kuma ta nutse ƙasa da nisa tana bin ruwan da ya sauka da sanyi. Kuma ba su cunkusa shuka. Tsakanin kwando da kwando a kan bar wajen ƙafa 7 ko 8, don kowane ya sami rabonsa. Wanda ya ke ganin yawan shuka shi ne yawan amfani, ya tsaya ya yi tunani a nan.

In kwando ya tsufa, bayan shekaru masu yawa, amfaninsa ya ragu saboda nisan da ruwan itacen zai bi cikin murɗaɗɗun rassa, sai a sare shi daga gindi. Saiwar ta sake tofowa, a fara sabon kwando. Saboda haka za ka ga kuranga wadda samanta bai fi shekara 30 ba, amma saiwarta ta yi shekaru ɗaruruwa, ta ga kakan kakan mai gonar. In kuwa wata ta mutu ta bar gurbi, ba a zuwa neman dashe. Sai a janyo dogon reshe daga maƙwabciyarta a binne tsakiyarsa a gurbin, kansa a waje. Uwar ta yi ta shayar da shi har ya yi tasa saiwar, bayan 'yan shekaru a yanke tsakaninsu. Wannan dabara ba ta cin ko kwabo.

Irin da ya fi yawa a tsibirin shi ne Asirtiko, fari, wajen kashi uku cikin huɗu na gonakin. Abin da ya sa a ke ji da shi, ko rana ta gasa shi ya yi zaƙi, tsaminsa ba ya gudu, alhali galibin inabi da ya sha zafi sai ya zama salam. Amfanin kaɗan ne ƙwarai, a shekara mai kyau ma eka ba ta cika wuce tan guda da 'yan kai ba, kuma a durƙushe a ke yankan, tun farkon Agusta. Waɗansu 'ya'yan a kan shanya su a rana kwana goma ko fi kafin a matse, a sami wani abin sha mai zaƙi, binsanto, wanda a ƙarni na 19 Rasha ce babbar mai sayensa don hidimar coci, har juyin mulkin 1917 ya rufe wannan kasuwa. Da irin wannan noma na raɓa su ke samun 'yan ƙananan tumatir da wani irin wake.

ZABIBI YA YI SARAUTA

Yanzu sai mu koma Felofonis, ga labarin da ya fi kowanne nauyi. A gaɓar arewa da ta yamma ta yankin nan, da tsibiran Zakintos da Kefaloniya, akwai wani baƙin inabi ƙanƙane marar ƙwallo. Ba don matsa a ke nomansa ba, shanya shi a ke yi ya zama zabibi. Daga sunan birnin Korinti ya sami sunansa, har Ingilishi su ka lanƙwasa kalmar ta zama sunan zabibin a bakinsu.

Nomansa yana da wani aiki na ban mamaki. In aka bar shi haka nan, furen ya kan zube, 'ya'yan su fito tsiraru. A ƙarni na 19 manoma su ka gane cewa in an zaga gindin kuranga da wuƙa lokacin fure, aka cire ɓawo siriri kamar zobe, abincin da ganye ya ke haɗawa ba zai sami hanyar sauka saiwa ba, sai ya tsaya a sama ya shiga 'ya'ya. Cikin 'yan makonni miki ya warke. Aiki ne na gwani, gama in wuƙa ta zarce ta ci itacen, an yi wa kuranga lahani. A Agusta a yanke, a baza a farfajiyar shanya. Da can daɓe su ke yi, su shafe shi da kashin shanu, daga baya aka koma shimfiɗa takarda ko ƙyalle. Kwana goma ko kusa da haka, ana juyawa, ido yana sama, don ruwa guda a wannan lokaci ya isa ya lalata wahalar shekara. Awo uku zuwa huɗu na ɗanye ke ba da awo guda na busasshe.

Tun zamanin da mutanen Banis su ke riƙe da tsibiran nan, Ingila ce kasuwarsa. Ingilishi ba su yin burodi mai zaƙi ko abincin Kirsimeti sai da shi. Ciniki ne mai kyau, yana tafiya daidai wa daida, har wani ƙwaro ya shigo.

Sunan ƙwaron filoksera. Ɗan mitsitsi ne, da ƙyar ido ke ganinsa, daga Amurka ya zo cikin dashen da aka ɗauko. Saiwa ya ke tsotsa, ta kumbura ta ruɓe, cikin 'yan shekaru kuranga ta bushe. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa wajen 1863, kafin 1880 ya cinye gonaki ba iyaka. Faransawa kuwa ba su iya zama ba giya. Sai su ka juyo kan zabibin Girka, su jiƙa shi a ruwa su yi giya da shi. Farashi ya tashi.

Me ku ke tsammani manomin Felofonis ya yi? Abin da kowane manomi zai yi in ya ga maƙwabcinsa ya yi sabon gida. Aka sare zaitun da ya shekara ɗari yana ba da mai. Aka bar alkama. Mutanen tudu su ka gangaro fadamun bakin teku, inda a da ba a kai zabibi ba, su ka dasa. Kuranga kuwa sai ta shekara huɗu ko biyar kafin ta ba da abin kirki, saboda haka da bashi aka yi dashen, daga hannun 'yan kasuwa, da ruwa mai nauyi, gona a jingine. Wajen 1890 abin da ƙasar ke fitarwa ya kai tan 150,000 a shekara, kuma a shekaru da dama zabibi kaɗai ya kan kawo fiye da rabin kuɗin dukan kayan da Girka ta ke sayarwa waje. Garuruwan Fatras da Firgos da Ejiyo su ka cika da manyan gidaje, har da gidajen wasan kwaikwayo. Gwamnati ita ma ta ciwo bashi a Turai, ta shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ta sayi kayan yaƙi, tana dogara da kuɗin zabibi.

Abin da ba a lissafa ba shi ne Faransawa ba su kwanta ba. Sun lura cewa inabin daji na Amurka ya saba da ƙwaron, saiwarsa ba ta mutuwa. Sai su ka riƙa yin aure, irin wanda mu ke yi wa mangwaro da lemo, gindi na Amurka, kai na Faransa. Gonakinsu su ka farfaɗo. Da inabinsu ya dawo, manomansu su ka matsa wa gwamnati ta tare na waje, a 1892 aka ɗora wa zabibin Girka kuɗin fito mai tsanani. A 1893 farashi ya faɗi ƙasa da rabi, kaya ya yi kwantai a sito, kuɗin da manomi zai samu bai biya ladan masu yanka ba. A watan Disamba na shekarar nan Firayim Minista, Charilaos Trikoupis, ya tashi a majalisa ya shaida cewa ƙasa ta karye, ba ta iya biyan bashinta. Ba zabibi kaɗai ya jawo haka ba, bashin ya riga ya yi yawa, amma shi ne ginshiƙin da ya zame. A 1898, bayan sun sha kashi a yaƙi da Turkiyya, sai da ƙasashen da ke bin su bashi su ka sa wakilansu su ka zauna bisa kuɗin shigar ƙasar.

Lura da wannan, ɗan kasuwa yana iya juya jarinsa ya koma wani kaya cikin wata guda. Mai gero in bana ta ƙi, baɗi ya shuka dawa. Amma wanda ya sare zaitun ya dasa kuranga da bashi, ina zai juya? Zaitun sai ya shekara goma kafin ya dawo da abin kirki. Wanda ya ga zamanin dalar gyada da abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Gwamnati ta yi ta gwada magani. A 1895 aka yi doka cewa duk mai fitar da zabibi sai ya bar kashi 15 cikin 100 a hannun hukuma, a kai shi masana'anta a yi barasa da shi, don kaya ya ragu a kasuwa farashi ya ɗaga. A 1899 aka kafa bankin zabibi, a 1905 aka miƙa sha'anin ga wani kamfani, har aka riƙa biyan manomi ya tumɓuke kurangarsa, a 1925 kuma aka kafa hukuma ta musamman. A ganinmu duk wannan rage zafi ne, gama ba dokar da za ta sa Bafaranshe ya sayi abin da ba ya bukata. Maganin da talakawa su ka samo wa kansu shi ne ƙaura. Daga 1890 zuwa 1920 Girkawa dubu ɗaruruwa su ka shiga jirgi zuwa Amurka, da yawansu samarin Felofonis ne, ƙauyuka su ka koma sai tsofaffi da mata. Har yanzu ana noman zabibin nan, na kewayen Ejiyo da a ke kira Bostitsa shi ne na ɗaya, amma abin da a ke samu a shekara bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan zamani ba.

Akwai kuma farin zabibi, sultana, wanda ya fi kama da wanda mu ke gani a kasuwanninmu. Nomansa ya bunƙasa a Kirit bayan 1922, sa'ad da Girkawan da aka koro daga Turkiyya su ka zo da saninsa. Su kan tsoma nonon cikin ruwan toka da ɗan man zaitun kafin su shanya, ya bushe da wuri, launinsa ya tsaya ja-ja kamar zuma.

ABIN DA YA KUSA ƁACEWA

Ƙwaron nan bai ƙyale Girka ba. Ya shiga Samos wajen 1892, ya bayyana kusa da Salonika a 1898, ya bi arewa ya cinye gonakin Nawusa, bai kai Kirit ba sai bayan 1970. Ko'ina ya shiga sai an tumɓuke an sake dashe bisa gindin Amurka. A nan ne aka yi asarar iri. Manomin da zai sake dasa gona daga fari, ga yaƙe-yaƙe sun bi ta kansa daga 1940 zuwa 1949, ba zai tsaya neman irin kakansa mai ƙaramin amfani ba, wanda ya fi cika kwando zai ɗauka. Waɗansu kuma daga baya su ka ɗauko irin Faransa, suna ganin na baƙo ya fi. Santorini kuwa ƙwaron bai taɓa kama ta ba, don ba ya iya rayuwa cikin toka da rairayi marar laka. Talaucin ƙasar shi ya tsare ta, shi ya sa har yau kurangarta bisa saiwarta ta asali ta ke.

Akwai wani farin iri, Malaguziya, da aka ɗauka ya ƙare. Wajen 1970 wani malamin jami'ar Salonika, Vassilis Logothetis, mai yawon ƙauyuka yana tara tsofaffin iri, ya same shi a duwatsun yammacin ƙasar. Aka dasa shi a gonar gwaji ta Porto Carras, wani saurayin ma'aikaci a wurin, Evangelos Gerovassiliou, ya lura da ƙanshinsa ya yaɗa shi. Yau ana nomansa ko'ina a Girka. Da malamin nan ya yi jinkirin shekara goma, watakila da sai dai a ji sunan a bakin tsofaffi.

A 1971 gwamnati ta fara dokar da ta ɗaure sunan wuri da irin da a ke nomawa a wurin, watau ba mai rubuta Nawusa a kwalba sai in Kisinomabro ne na gonakin Nawusa, haka Nemiya, haka Santorini. Hatimin Tasos ne ya dawo da sabuwar riga. Bayan ƙasar ta shiga tarayyar kasuwar Turai a 1981, masu sana'ar su ka gane cewa in irin Faransa za su noma, Faransa ta riga su, abin da ba wanda ke da shi sai su shi ne nasu na gado.

Masu noman inabi a wajenmu, irin na ƙasar Kudan a Jihar Kaduna, sha'aninsu dabam ne, don ba mu da sanyin da zai sa kuranga barci, da aski da ban ruwa a ke sarrafa ta ta yi 'ya'ya da rani. Kwandon Santorini ba zai yi a inda damina ke sauka da ƙarfi ba, 'ya'yan ruɓewa za su yi a ƙasa. Amma binne reshe, da ba da tazara, da tambayar asalin gindin dashe kafin a saya, waɗannan ba su da ƙasa.

A Santorini kanta yanzu abin da ke cin gonaki ba ƙwaro ba ne. Tun bayan girgizar ƙasa ta 1956 mutane da yawa su ka bar tsibirin, sa'an nan masu yawon buɗe ido su ka gano shi, fili ya yi tsada, mai gona ya ga ɗakin baƙi guda ya fi eka guda kawo kuɗi. Gonakin inabin da su ka rage ba su kai eka 3,000 ba, masu iya saƙar kwando galibi sun manyanta. Ga fari kuma, kakar 2023 da ta 2024 duka sun zo da ƙarancin da aka daɗe ba a gani ba. A wannan lokaci kuma manoman waɗansu ƙasashe masu zafi, da su ka ga ruwansu yana raguwa, sun fara neman irin. A kudancin Ostareliya wani gidan manoma a kwarin Kilaya ya dasa Asirtiko a 2012, da dashen da asalinsa daga Santorini aka ɗauko, ya fara sayar da abin da ya samu a 2016.